Fuska Ba Isnadi: Hotunan Ibn Sina da na Likitan Makka a Ma'aunin Tarihi

Gabatarwa

Da wuya a buɗe littafin tarihin likitanci ba a ci karo da hoton wani dattijo mai rawani da gemu ba, an rubuta Ibn Sina a ƙarƙashinsa. Ɗalibin da ba ya karɓar hadisi sai ya san maruwaitansa, sai ga shi ya karɓi wannan fuska bai tambayi inda ta fito ba. Wannan maƙala ta waiwayi labarin likitoci biyu: ɗaya an yi masa hotuna barkatai alhali babu na gaskiya a cikinsu, ɗayan kuwa ya ɗauki hotunan gaskiya amma aka kankare sunansa daga jikinsu.

Yadda Ibn Sina ya zama sarki

An haifi Abu Ali al-Husain ibn Sina wajen shekara ta 370 Hijiriyya (980 Miladiyya) a ƙauyen Afshana kusa da Bukhara, ya rasu a Hamadan a 428 (1037). Babu wani zane da aka yi masa yana raye da ya iso ga mutanen yau. Abin da ya iso rubutu ne: tarihin rayuwarsa da almajirinsa al-Juzjani ya ruwaito kuma ya kammala, wanda Ibn Abi Usaibi'a (ya rasu 668/1270) ya shigar cikin Uyun al-Anba fi Ɗabaƙat al-Aɗibba, littafin da ya tattara tarihin likitoci fiye da 400. Malaman wancan zamani sun adana mutum ne ta hanyar nasabarsa da malamansa da littattafansa.

A ƙarni na 12 Gerard na Kiremona (ya rasu 1187) ya fassara al-Ƙanun fi al-Ɗibb zuwa Latin a birnin Ɗulaiɗila na Andalus. Laƙabin marubucin, wato al-Shaikh al-Ra'is, na nufin shugaba a fagen ilimi, amma kalmomin Latin da aka sa a madadinsa na ɗauke da ma'anar yarima ko sarki. Daga nan masu ƙawata littattafai a Turai suka fara zana shi da kambin sarauta a ka da sandar mulki a hannu. Da injin ɗab'i ya zo, aka riƙa sassaƙa irin wannan siffa a kan katako, a shafa tawada, a buga ta ɗaruruwa. A wasu bugu na Italiya na farkon ƙarni na 16 ana ganinsa zaune kan karaga, Jalinus da Abuƙraɗ suna gefensa. Har labari ya bazu cewa ya yi sarauta a Andalus, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Iyakar abin da ya riƙe na mulki shi ne waziranci a fadar Shamsud Daula a Hamadan. Masani Dag Nikolaus Hasse ya bi diddigin wannan kuskure a wani bincike da ya wallafa a 1997. Kalma guda da ta karkace wajen fassara ta haifi kambin da ya zauna a kan mutum shekaru aru-aru.

Fuskar da ta fi yawo a yau ita ma ba tsohuwa ba ce. Mai zane ɗan Iran, Abul Hasan Sadiƙi, shi ya tsara ta a tsakiyar ƙarni na 20, lokacin shirin bikin cika shekara dubu da haihuwar Ibn Sina, wanda aka yi a 1954 tare da buɗe sabon ginin kabarinsa a Hamadan. Tajikistan kuma ta sa siffarsa a takardar kuɗinta ta somoni 20. Kowace al'umma ta ba shi kamannin da take so ya zama nata.

Likitan da aka share sunansa

Ana iya zaton fitowar kyamara a 1839 ta kawo ƙarshen irin wannan ruɗani. Labarin Sayyid Abdul Gaffar ya nuna ba haka ba ne. Likita ne a Makka, kuma shi ne mutumin Makka na farko da aka sani ya ɗauki hotunan garin. A 1885 masanin Holan, Snouck Hurgronje, ya shiga Makka ya zauna wata kusan shida, ya ƙulla hulɗa da shi. Da aka tilasta wa baƙon ficewa kafin aikin Hajji, sai kayan ɗaukar hoton suka rage a hannun likitan. Shi ya ci gaba da aikin: ya ɗauki Masallacin Harami, da Mina, da Muzdalifa, da tantunan alhazai a Arfa, ya riƙa aika hotunan zuwa Holan. A ƙasan hotunan yakan rubuta sunansa da Larabci, ya haɗa da cewa shi likita ne a Makka.

Da aka buga kundin Bilder aus Mekka a birnin Laidin a 1889, an goge wannan suna daga hotunan, aka ambaci mai aikin a matsayin wani likita Balarabe kawai. Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne, Hurgronje kansa da sunan Abdul Gaffar ya shiga Makka, saboda haka aka daɗe ana jingina masa aikin da ba nasa ba. Sai bayan kusan ƙarni guda masu bincike suka lura da ragowar rubutun, suka mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Hoton bai yi ƙarya ba, amma an yanke isnadinsa, ya koma kamar ruwayar da aka yi wa tadlisi.

Kammalawa

Malaman fiƙihu sun daɗe suna tattauna hukuncin zana mai rai da bambancinsa da hoton kyamara, kuma wannan bahasi yana da muhallinsa. Sai dai akwai tambayar da ta wajaba a kan mai tarihi, ko wane ra'ayi ya ɗauka a can: wa ya yi wannan hoto, yaushe, ya ga wanda ya zana ko kuwa ƙiyasi ya yi, kuma ta hannun wa ya biyo kafin ya iso? Waɗannan su ne tambayoyin da ilimin rijal ya koya wa al'umma game da ruwaya. Mawallafin da zai sa hoton Ibn Sina ko na al-Razi a bangon littafinsa, amanar ilimi ta ɗora masa ya bayyana cewa zanen tunani ne, ya ambaci mai zanen da shekarar. Wanda kuma zai yi amfani da tsofaffin hotunan Makka, ya kira sunan likitan da ya ɗauke su. Allah ne mafi sani.