Haruffa Masu Kaurin Dunduniya

A farkon ƙarni na 19 masu ɗab'i a birnin Landan sun gamu da matsalar da magabatansu ba su san ta ba. Haruffan da suka gada an ƙera su ne domin littafi, domin mai karatun da ya zauna ya natsu. Amma kasuwa ta bunƙasa, bangaye sun cika da tallar gwanjo da caca da wasan kwaikwayo, mai wucewa kuwa ba ya tsayawa. Sai aka shiga neman harafin da za a iya karantawa daga tsallaken titi.

Wajen shekarar 1815 maƙerin haruffa Vincent Figgins ya fito da nasa. Ɗan siririn layin nan da ke ƙarshen ƙafar harafi, wanda zan kira dunduniya, shi ya kumbura har ya zama kamar tubali, kaurinsa kusan ɗaya da na jikin harafin. Ya raɗa wa samfurin suna Antique, daga baya aka riƙa kiran ire-irensa Egyptian. Ba su haɗa komai da rubutun Fir'auna ba. Turai ce kawai ta haukace a kan duk abin da ya shafi Masar tun bayan yaƙin Napoleon na 1798, 'yan kasuwa kuma suka ari sunan.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda wannan harafi mai kururuwa ya koyi ladabi. A 1845 Robert Besley ya fitar da Clarendon, inda ya lanƙwasa mahaɗar dunduniya da ƙafa. Harafin ya yi laushi har ya samu shiga ƙamus, yana fito da kalmar da ake bayani daga cikin cunkoson shafi. Besley ya yi masa rajista, amma kariyar ta shekara uku ce. Tana ƙarewa abokan hamayya suka kwaikwaye shi.

A tafureta kuwa, dunduniyar ta yi wani aiki dabam. Na'urar tana ba kowane harafi fili iri ɗaya, saboda haka siriri irin "i" zai tsaya a tsakiyar sarari ba kowa, shi kuma "m" ya matsu. Faffaɗar dunduniya ce ke cike giɓin, layi ya daidaita. Kaurinta kuma yana jure duka, ga shi yana fita sarai a kwafi na biyu da na uku ta takardar kabon. Courier, wanda Howard Kettler ya zana wa kamfanin IBM a tsakiyar shekarun 1950, daga wannan gida ya fito. Har yau da shi ake rubuta labarin fim a Amurka, domin shafi ɗaya nasa yakan yi daidai da kimanin minti ɗaya a majigi.