Shirin UPE da Matsalar Ginin Azuzuwa a Ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan

A wannan maƙala muna so mu nuna cewa cunkoson da ya dami makarantun firamare na karkara a arewacin Zazzau ya samo asali ne daga tazarar da ke tsakanin ranar ɗaukar yara da ranar isowar kuɗin gini.

A watan Janairun 1974 Janar Yakubu Gowon ya yi shelar ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, sa'an nan Janar Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin a watan Satumban 1976. An yi kirdadon yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a ƙasa baki ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3 sun hallara. A wannan shekara ce kuma aka rushe tsarin En'e, aka kafa Ƙaramar Hukumar Ikara, wadda a lokacin ta ƙunshi Makarfi da Kudan da Kubau. Ke nan nauyin ya faɗa wa hukumar da ba ta gama zama da gindinta ba.

Kuɗin gini kuwa tafiyarsa mai nisa ce. Daga Ikko yake tasowa, ya yada zango a Kaduna, kafin ya iso Ikara, sa'an nan ya kai hannun ɗan kwangila. Siminti ma ya yi wuya, domin tun 1975 jiragen ruwa suka cushe tashar Ikko. Saboda haka, kamar sauran karkarar Arewa, inuwar itace da rumfar zana suka zama aji. Da damina ta sauka karatu ya tsaya, ko kuwa a gwama aji biyu a ɗaki guda. Manomin raken da ya sallama ɗansa daga gona, in ya ga yaro na dawowa bai iya haɗa baƙi ba, ba wuya ya janye shi.

Da kuɗin man fetur ya ja baya a 1978, sai al'amari ya ƙara tsananta. Tsarin mulkin 1979 ya ɗora ilmin firamare a wuyan jihohi da ƙananan hukumomi. A Jihar Kaduna kuma rigima tsakanin Gwamna Balarabe Musa da majalisa ta ci lokacin gwamnati, har aka tsige shi a watan Yunin 1981.

An fitar da Makarfi daga Ikara a 1991, Kudan kuma daga Makarfi a 1996, amma kusantar da hukuma bai gajarta hanyar kuɗi ba. Hatta dokar UBE ta 2004 ta shardanta wa jiha ta zuba nata kason kafin Gwamnatin Tarayya ta saki nata.

Abin da tarihin nan ya koya mana shi ne, sai an ƙidaya yara, an ajiye kuɗi, an rufa ɗaki tun da rani, kafin a buga ƙararrawar ɗaukar sababbin ɗalibai.