Kairofraktik da ciwon ƙugu: amfaninsa da abin da yake ci na kuɗi

Kairofraktik wani salon jinya ne da ake danna ƙashin baya da gaɓoɓinsa da hannu, ba tare da shan magani ko tiyata ba. Daniel David Palmer ne ya assasa shi a Amurka a shekarar 1895.

An fi neman sa saboda ciwon ƙugu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ya addabi mutum miliyan 619 a 2020. Bincike ya nuna dannar na rage zafi, sai dai sauƙin matsakaici ne, bai zarce na motsa jiki da gashin ƙashi ba.

Batun kuɗi kuwa ya fi jawo muhawara. A 1993, wani rahoto da Farfesa Pran Manga ya jagoranta a lardin Ontario na Kanada ya ce wannan jinya ta fi ta asibiti araha. Duk da haka, a 2004 gwamnatin lardin ta cire ta daga inshorar lafiyarta.

Wanda ciwonsa ya haɗu da zazzaɓi, raunin ƙafa ko kasa riƙe fitsari, likita ya kamata ya fara gani.