Tarihin Kasuwar Wayar Salula a Arewacin Najeriya

Kasuwar wayar salula a Najeriya ta samo asali ne daga gwanjon lasisi da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi a watan Janairun 2001, zamanin mulkin Olusegun Obasanjo, lokacin da Ernest Ndukwe ke jagorantar hukumar. Kowane lasisi ya ci dala miliyan 285. Kafin nan layukan tarho na NITEL ba su kai rabin miliyan ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100, kuma mai neman layi sai ya sha jira. A watan Agustan shekarar ne Econet da MTN suka fara aiki.

A farkon lamarin layi ya fi wayar kanta daraja. Mutum kan biya naira dubu 20 ko fiye kafin ya mallake shi, kira kuma naira 50 ne a minti, ko da gaisuwa kawai aka yi aka kashe. Tsadar nan ta haifi sana'ar masu kafa lema da teburi a bakin titi, a zo a yi kira a biya, ita ce kuma ta koya wa jama'a filashin: a buga sau ɗaya a katse, don mai hali ya biyo baya. Da Globacom na Mike Adenuga ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sai sauran kamfanoni suka bi sahu ba don suna so ba. Farashin layi ya yi ta faɗuwa har ya zama kusan kyauta, riba ta koma kan sayar da waya da katin kira.

Wannan zamani na Nokia ne, duk da cewa Motorola da Sagem da Sony Ericsson sun taɓa kasuwa. Nokia 3310 ta yi suna wajen jure faɗuwa, 1100 da ta fito a 2003 kuma ta zo da tocila, irin wayar da matasa suka laƙaba wa suna rakani-kashi. Dalilin karɓuwarsu a bayyane yake: batirinsu na yin kwanaki a inda wutar NEPA ba ta da tabbas. A lokacin ne kasuwannin waya suka kafu. Computer Village da ke Ikeja a Legas ta zama babbar mashigar kaya, a Kano kuwa titin Beirut da kasuwar Farm Centre suka zama matattara, inda 'yan sari daga jihohin maƙwabta da Jamhuriyar Nijar ke zuwa. Sana'ar ta rabu gida-gida: masu sabuwa a kwali, masu ta hannu, masu caja da batir da gidan waya, masu gyara, sai masu caji da janareta a unguwanni da ƙauyuka.

Wajen ƙarshen shekarun 2000 wayoyin da ake kira 'yan China suka cika kasuwa. Kamfanin MediaTek na Taiwan ne ya sauƙaƙa ƙera su, domin yana sayar da ƙwaƙwalwar waya haɗe da manhajarta, ƙananan masana'antun Shenzhen sai dai su yi mata gida su sa suna. Sun zo da lasifika mai ƙara, da rediyo, da gurbin memori, wasu har da talabijin mai eriya. Abin da ya fi jan mai saye shi ne layi biyu, saboda kiran wani kamfani ya fi tsada, kuma inda sabis ɗin wannan ya kai, na wancan bai kai ba. Matsalarsu rashin ƙarko, ga shi ba wanda za a koma wa idan sun lalace. Wannan giɓi ne Transsion, wanda Zhu Zhaojiang ya kafa a 2006, ya cike bayan ya mai da hankali kan Afirka a 2008. Ya fito da Tecno da itel, daga baya Infinix, ya buɗe cibiyoyin gyara na Carlcare, ya kuma daidaita kyamara yadda za ta fitar da fuskar baƙar fata sosai.

Memori da Bluetooth sun buɗe wata sana'a, ta masu tura fina-finai. Da kwamfuta ɗaya a ɗan shago, matashi kan cika wa mutum waya da waƙoƙi, wa'azi, karatun Alƙur'ani, finafinan Kannywood da fassarar Indiya-Hausa a kan kuɗi kaɗan. Hakan na daga cikin abubuwan da suka durƙusar da kasuwar faifan CD, har masu shirya fim suka karkata ga finafinai masu dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin. Matasa da yawa kuma a ƙaramar waya suka fara ganin intanet, ta Opera Mini da dandalin hira na 2go, yayin da BlackBerry ta zama ta masu hannu da shuni da 'yan jami'a.

Zuwan Android mai araha ya kawar da Nokia da BlackBerry daga sahun gaba. WhatsApp ya samu karɓuwa har wurin waɗanda ba su yi boko ba saboda saƙon murya, Facebook kuma ya ƙara Hausa cikin harsunansa a 2016. Aikin mai gyara ya sauya: batir ya koma manne a ciki, canjin sikirin da bakin caji suka zama abin yau da kullum. An samu kasuwar iPhone da Samsung na hannu da ake shigowa da su daga waje, tare da musaya, a ba da tsohuwa a yi ciko. Agogon zamani da abin saurare na kunne da fawa-banki sun samu nasu teburan, Oraimo na Transsion na cikin waɗanda suka yi fice. Masu sharhin waya da Hausa a YouTube da TikTok ma tambayoyin kasuwa suke amsawa: ƙarfin batir, girman ma'aji, kyawun hoto, sannan nawa ce.

Hukuma ta ƙara matsa lamba a hankali. An fara rajistar layi a 2011, a 2015 NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 kan layuka sama da miliyan 5 marasa rajista, daga baya aka rage ta zuwa biliyan 330. A Disambar 2020 aka wajabta haɗa layi da lambar NIN. MTN ya ƙaddamar da 5G a 2022, amma faɗuwar darajar naira daga 2023 ta ɗaga farashin waya, a 2025 kuma aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Shi ya sa ƙaramar waya ba ta bar kasuwa ba. Da yawa na riƙe da ita don kira, babbar kuma don intanet. A duk tsawon wannan tarihi, wayar da ta yi kasuwa a Arewa ita ce mai riƙe caji, mai sauƙin kuɗi, wadda ake samun kayan gyaranta a kusa.