Daga Makarantar Ɗan Hausa Zuwa Dawakin Tofa: Tarihin Haƙƙin Ilimin 'Ya'yanmu

Tun kafin zuwan Turawa, da wuya a sami ƙauye a ƙasarmu, daga Bichi zuwa Ɗambatta, wanda ba shi da makarantar allo. Boko kuwa baƙo ne. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, amma an daɗe kafin ɗan manomi ya ji ƙamshinta. Dattawanmu na tuna yadda ake ɓoye yara a rumbu idan dagaci ya aiko neman 'yan makaranta, domin uba na ganin an raba shi da hannun noma, kuma yana tsoron addinin ɗansa.

Al'amura sun sauya a watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin firamare kyauta, wato UPE. Azuzuwa suka cika maƙil, malamai suka yi ƙaranci. A 1977, zamanin Kanar Sani Bello, Jihar Kano ta kafa makarantun kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda ake shiga ta hanyar jarrabawa mai tsanani. Nan ne ɗan talaka da ya yi bita da fitilar ƙwai ya kafaɗa da ɗan birni, ya fito likita ko injiniya.

Daga baya doka ta tabbatar da wannan haƙƙi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Nijeriya ta yi tata dokar a 2003, sannan dokar UBE ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta. A 2024 Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, alamar cewa da sauran rina a kaba.

Ya ku 'yan'uwa mazauna birane, doka ba ta koyar da lissafi. Yaron da bai iya karatu a aji shida ba, ƙofar jarrabawa a rufe take gare shi, balle yarinyar da talla ta cinye. Mu ɗauki nauyin malaman bita da kuɗin rajista a makarantun da suka yaye mu. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, amin.