Wakilci da Ruwan Kogi: Nazari a Kan Aikin Ɗan Majalisa a Ƙasar Haɗejiya

Duk mutumin Kaugama da ya cika shekara 18, ya kuma yanki katin zaɓe, shari'ar ƙasa ta ba shi wakilai huɗu masu magana da yawunsa: kansilan mazaɓarsa, da ɗan majalisar jiha wanda ke zaune a Dutse cikin mutum 30, da ɗan majalisar wakilai na Malam Madori da Kaugama cikin mutum 360 a Abuja, sa'an nan sanatan Jigawa ta Arewa maso Gabas, wanda ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejiya suka yi tarayya a kansa, cikin sanatoci 109. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa majalisun tarayya da na jihohi wajibai bayyanannu, wato kafa doka, da amincewa da kasafin kuɗi ta yadda ba ya halatta gwamnati ta taɓa baitulmali sai da izninsu, da kuma bin diddigin yadda aka kashe abin da suka yi izni da shi, kamar yadda sashe na 88 da na 128 suka tanada. Amma wanda ya zauna a majalisar dattawan Marke ko Hadin a ƙasar Kaugama lokacin da zaɓe ya ƙarato, zai tarar ma'aunin da ake auna wakili da shi dabam ne, domin tambayar da ke bakin jama'a ita ce, "Me ya kawo mana?" kuma amsar da ake jira ita ce rijiyar burtsatse, ko babur, ko keken ɗinki, ko buhun taki.

Ba daidai ba ne a jingina wannan ga jahilcin talaka, domin al'amarin yana da asali. Magabatanmu sun san shura tun kafin zuwan Nasara, har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Diya'ul Hukkam a Kano don shiryar da masu riƙe da al'amuran jama'a. Sai dai ahlul halli wal aƙdi na wancan zamani, ilmi da sarauta ne suka zaunar da su, ba ƙuri'a ba. Da Turawa suka buɗe majalisar dokokin Arewa da ta sarakuna a Kaduna cikin 1947, hukumomin En'e ne suka aika da akasarin waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, kuma ko da aka shigo da zaɓe a 1951, zaɓe ne mai hawa-hawa, wanda muryar manomi ke dusashewa tun kafin ta kai lardi. Matan Arewa kuwa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979. Saboda haka aka daɗe ana kallon ɗan majalisa a matsayin babban mutum da ake gaisarwa a karɓi alherinsa, alhali tun watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna abin da kujerar take iya yi, ranar da ya miƙe a zauren Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, razdanoni suna ji.

A ganina, babu inda gurguncin wannan ma'auni yake fitowa fili kamar a bakin Kogin Haɗejiya. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka kuma ƙara da ta Challawa a 1992, kogin ya bar tsohuwar ɗabi'arsa ta cika da damina ya janye da rani, ya koma mai gudana kusan duk shekara; wannan ruwa marar yankewa shi ya ba ciyawar kacala damar yin kaka-gida, ita kuwa ta haɗu da yashi da laka suka toshe hanyoyin ruwa, har ya zamana wata fadama tana nutsewa yayin da wata ke kukan ƙishirwa. Ambaliyar 2020 da ta 2022, waɗanda suka cinye gonakin shinkafa suka rushe gidaje a faɗin masarautar, ba ruwan sama kaɗai ya haife su ba. To, wa ke da hurumin magana a kan wannan? Madatsun biyu suna cikin Jihar Kano, hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are wadda ke kula da su ta tarayya ce, kuma tsarin mulki ya sanya ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Ma'anar wannan ita ce, ɗan majalisar da ke Dutse, kome kaifin harshensa, ba shi da ikon kiran shugaban wannan hukuma ya tsare shi da tambaya a kan lokacin sakin ruwa. Abin da ke hannunsa shi ne kuɗin jinga da na yashe kogi a kasafin jiha, da binciken ko an yi aikin ko kuwa a takarda ya tsaya. Wanda ke Abuja shi ne zai iya shiga kwamitin albarkatun ruwa, ya nemi a ƙara wa hukumar kuɗi ko a tuhume ta. Manomin da bai san wannan rabon hurumi ba, sai ya kai kukansa ƙofar da ba ta da magani, a sallame shi da tabarma da kwanon masara, shekara ta zagayo ruwa ya sake cin gonarsa.

Mai ja da wannan magana zai ce, kuma hujjarsa ba ta rasa ƙarfi ba, burtsatsen da aka haƙa ana shan ruwansa yau, doka kuwa sai ta shekara nawa tana yawo tsakanin karatu na ɗaya da na biyu da kwamiti, daga bisani ta mutu, kamar yadda ƙudurin dokar albarkatun ruwa na ƙasa ya yi ta faɗuwa tun 2018. Na sallama cewa mai ƙishirwa ba ya jiran zaman kwamiti. Sai dai illar tana wani wuri ne. Ayyukan mazaɓa, waɗanda a shekarun baya gwamnatin tarayya ta daɗe tana ware wa naira biliyan 100 a shekara, ɗan majalisa yana zaɓen su ne kawai, ma'aikatu ke sakin kuɗin su aiwatar. Wanda kuwa yake jiran minista ya saki kuɗin burtsatsensa kafin zaɓe, da wuya ya ɗaga masa murya ranar bincike. Ta haka kyautar da talaka ke yabo ita ce take dasashe wuƙar da aka ba wakilinsa don ya kare shi. Ba banza ba hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shiga bin sawun waɗannan ayyuka tun 2019.

Malaman fiƙihu, a babin wakala, sun tabbatar da cewa wakili amini ne a kan abin da aka damƙa masa, kuma asali mai wakiltarwa yana da ikon tuɓe shi. Tsarin mulki ma ya yarda da kiranye a sashe na 69 da na 110, amma da sharaɗin fiye da rabin masu rajista su sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sa'an nan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Nauyin wannan sharaɗi ya bayyana a 2018, sa'ad da yunƙurin kiranyen Sanata Dino Melaye na Jihar Kogi ya rushe tun a matakin tantancewa. Abin da ya rage a hannun mai ƙuri'a, ashe, shi ne hisabin da yake yi bayan shekara huɗu, hisabi kuwa ba ya inganta sai da sanin abin da aka aikata. A nan ne harshe ya shigo. Sashe na 97 ya ce majalisar jiha za ta gudanar da aikinta da Ingilishi, amma ya ba ta izni ta ƙara da wani harshe na jihar idan ta zartar da ƙuduri a kan haka. Babu abin da ya hana a fassara kason ambaliya na kasafin kuɗi zuwa Hausa, da boko da ajami, a karanta shi a gidan rediyon jiha, a liƙa shi a sakatariyar Kaugama da ƙofar gidan kowane dagaci kafin damina ta sauka, tare da sunan ma'aikatar da aka ba kuɗin da ranar da kwamiti zai zauna ya tambaye ta.