Faranti ko Siminti: Wace Karayar Wuyan Hannu Ce Ke Bukatar Tiyata?

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sakamakon manyan gwaje-gwajen asibiti da aka yi kan karayar wuyan hannu a manya, domin tantance gurbin tiyata a cikinsa. Hujjar da ta kafa ita ce, a yawancin karayar da za a iya miƙewa da hannu, sa farantin ƙarfe ba ya ƙara wa hannu amfani bayan shekara guda, kuma abin da ya fi yanke hukunci shi ne irin karayar da kuma bibiyar majinyaci a makonnin farko.

Idan mutum ya faɗi ya dafa ƙasa da tafin hannu, nauyinsa yakan sauka ne a ƙarshen ƙashin rediyus, wato ƙashin sangalin hannu na ɓangaren babban yatsa, wanda shi ke ɗaukar kusan kashi 80 cikin ɗari na nauyin da ke ratsa wuyan hannu. Guntun da ya karye yakan kwanta zuwa bayan hannu, sai hannun ya kumbura ya lanƙwashe kamar cokali mai yatsu. Abraham Colles, likitan fiɗa na birnin Dublin, ya bayyana wannan karaya a 1814, shekara 81 kafin a gano hoton ƙashi, kuma ya lura cewa hannun yakan dawo da motsinsa ya daina ciwo ko da karkacewar ta zauna. Daga baya likitoci sun yi watsi da wannan lura, musamman tun wajen shekarar 2000, lokacin da Jorge Orbay da abokan aikinsa suka yaɗa farantin da ake ɗorawa ta ɓangaren tafi, mai kusoshin da ke kulle kansu a jikin farantin. Ƙarfen yana riƙe ƙashi ko da ya yi laushi, hoton bayan tiyata yana fitowa tsaf, sai aikin ya bazu tun kafin a gwada ko ya fi abin da aka saba.

Da aka zo aka gwada, sakamakon bai goyi bayan wannan zumuɗi ba. Gwajin DRAFFT na Birtaniya, wanda Matthew Costa ya jagoranta aka buga a mujallar BMJ a 2014, ya raba manya 461 gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu aka sa musu faranti, wasu aka soka musu siraran tsinkayen ƙarfe na Kirschner ta fata aka ɗaure da siminti. Ma'aunin da aka yi amfani da shi tambayoyi ne da majinyacin ke amsawa da kansa kan ciwo da abin da hannun ke iya yi. Bayan wata 12 babu wani bambanci na a zo a gani, haka ma da aka sake bibiyarsu bayan shekara biyar, ga shi kuma tsinke ya fi araha nesa ba kusa ba. Gwaji na biyu, DRAFFT2, da ya fito a 2022 da mutum 500, ya ƙara sauka ƙasa, ya kwatanta tsinken da simintin da aka gyara shi daidai da hannu bayan an ja ƙashin an miƙe shi. Nan ma a ƙarshen shekara hannayen sun yi kunnen doki. Kafin su, a 2011, Rohit Arora da tawagarsa a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya sun gwada faranti da siminti a kan masu shekara 65 zuwa sama. Waɗanda aka yi wa tiyata sun fi kyan hoto da ƙarfin damƙa, amma a wajen ayyukan yau da kullum ba su fi sauran ba bayan shekara, kuma su ne suka fi haɗuwa da matsala.

Matsalolin nan ba ƙanana ba ne, kuma suna da dalili a tsarin hannun kansa. Jijiyar da ke lanƙwasa babban yatsa tana wucewa ne daf da leɓen ƙashin ta ɓangaren tafi, don haka farantin da aka ɗan zarce da shi gaba yakan yi ta gogar ta a hankali, wata da watanni, har ranar da majinyaci zai wayi gari kan yatsan ya ƙi lanƙwasuwa. Kusar da ta yi tsawo kuwa takan ɓullo ta bayan ƙashi ta cinye jijiyar da ke miƙe yatsan, kuma hoton gefe ba kullum yake nuna ɓullowarta ba saboda tudun da ke bayan ƙashin yana ɓoye ta. Ga kuma tiyata ta biyu ta cire ƙarfe, wadda ba kasafai ake lissafa kuɗinta ba lokacin da ake lallashin majinyaci ya yarda da ta farko.

Masu goyon bayan faranti suna da hujjoji, kuma mafi ƙarfinsu ita ce ta gaɓa. Knirk da Jupiter sun nuna a 1986 cewa a cikin matasan da karayarsu ta shiga gaɓa, kashi 91 na waɗanda fuskar gaɓar ta warke da tudu sun nuna alamun lalacewar gaɓa a hoto, yayin da kashi 11 kawai na waɗanda tasu ta daidaita suka nuna. Daga nan ne aka samo ƙa'idar da ake koyarwa har yau cewa kada tudun fuskar gaɓa ya wuce milimita 2. Wannan hujja gaskiya ce, amma ba ta rushe gwaje-gwajen ba, domin DRAFFT tun farko bai ɗauki karayar da ba za a iya daidaita fuskar gaɓarta ba tare da an buɗe ba. Irin wannan karaya, da karayar Barton wadda leɓen ƙashi ke zamewa ya ja ƙasusuwan hannu, da karayar da ta fasa fata, da wadda ta danne jijiyar ji har yatsu suka mutu, duk na ɗakin tiyata ne, kuma babu mai jayayya. Kuskuren shi ne a ɗauki hukuncin waɗannan a shafa wa tsohuwar da ta zame a banɗaki. Hujja ta biyu ita ce faranti yana sa hannu ya koma aiki da wuri. Haka ne, a makonnin farko zuwa wata uku masu faranti sukan yi gaba. Ga tela ko makanike da hannunsa ne abincinsa, makonni shida ba wasa ba ne, kuma dalili ne da ya isa a zaɓi tiyata, muddin an faɗa masa cewa saurin yake saya, domin a gwaje-gwajen da aka ambata, a ƙarshen shekara hannayen sun zo ɗaya.

Hujjar da ta fi shafar ƙasar Hausa ta fito ne daga cikin DRAFFT2 ɗin kansa. Kusan mutum ɗaya cikin takwas na masu siminti sai da aka yi musu tiyata a makonni shida na farko, saboda ƙashin ya sake gocewa bayan kumburi ya saɓe simintin ya yi sako-sako. An gano su ne domin sun dawo an sake musu hoto. Nasarar siminti ta dogara ne kacokan a kan wannan dawowa a mako na farko da na biyu, lokacin da ƙashin bai kama ba. Majinyacin da ya taso daga ƙauye mai nisa zuwa asibitin ƙashi irin na Dala a Kano, wanda kuɗin mota da na hoto duk daga aljihunsa za su fito, ba lallai ya dawo ba. A ganin wannan maƙala, ga irin wannan majinyaci idan karayarsa mai saurin gocewa ce, tsinken ƙarfe tun ranar farko ya fi dacewa, tunda a gwajin mutum ɗaya tak daga masu tsinke ya bukaci a sake masa aiki a wannan lokaci. Haka kuma sakamakon ba shaida ba ce ga ɗorin gida. Simintin gwajin an sa shi ne bayan an kashe ciwo, an ja ƙashin, an duba hoto, an kuma bar wa kumburi wuri, alhali ɗaurin kara da tsumma da aka tamke a kan sabon kumburi yana iya tsayar da jini har hannun ya ruɓe.

Ƙaramin ƙashin sikafoyid da ke gindin babban yatsa ya ƙara fito da wannan magana fili. Gelberman da Menon sun nuna a 1980 cewa yawancin jininsa yana shiga ne ta ƙarshensa na wajen yatsu ya koma baya, shi ya sa karaya a tsakiyarsa kan yanke wa guntun ciki jini ya ƙi haɗewa. Tsoron haka ne ya sa aka yawaita sa masa kusa marar kai irin ta Timothy Herbert, wadda aka bayyana a 1984. Gwajin SWIFFT da aka buga a Lancet a 2020, da mutum 439 masu karayar da ba ta goce fiye da milimita 2 ba, bai sami bambanci mai ma'ana tsakanin kusa da siminti ba bayan mako 52, kuma masu binciken sun lissafa cewa sai an yi wa mutum 73 tiyata kafin a kare mutum ɗaya daga rashin haɗewa. Sai dai masu simintin an sake musu hoto tsakanin mako 6 zuwa 12, wanda ƙashinsa bai kama ba aka sa masa kusa nan take. Wannan karaya sau da yawa ba ta fitowa a hoton ranar farko, mai ita yakan ɗauke ta targaɗe ya shafa man zafi, kuma idan ya zo bayan shekara da ciwo a gindin yatsa, galibi kusa kaɗai ba ta isa, sai an ɗebo ƙashi daga ƙugu ko daga rediyus an cike gurbin.